Rema da Gishirin Teku

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso!

Ta zo mu ji ta!

Rema sarkin kwaɗayi tana zaune a kogon kakanninta, bakin teku. Rannan ta lashi gishirin teku, sai ta roƙi Kaguwa: "Ƙawata, tona mini hanya igiyar ruwa ta riƙa kawo shi ƙofata."

Kaguwa ta ce, "Ayya, in ruwan nan ya saba da hanya, ba mai hana shi fa."

"Ke dai tona!"

Kaguwa ta tona. Shekara da shekaru ruwa na dukan dutsen kogon, gishiri na bushewa cikin tsaga yana buɗa ta. Rema ta tsufa ke nan, kogon ya rufta cikin teku. Ta rungume jikokinta kan yashi tana kuka: "Wayyo, da bakina na cinye muku gida!"

Ƙurunƙus, nan ta tsaya, kan ƙusu!