Keken da Aka Gwada Babu Kowa a Kai

Akwai wani mai gyaran agogo, jama'a, wanda har yau in na tuna labarinsa sai raina ya ɓaci.

A gindin tudu yake zaune, a wata tsohuwar unguwa da lungunanta duk matakala ce. Can sama akwai dandalin da dattawa ke zama da la'asar. Shekara bakwai rabonsa da wurin, tun da hatsarin mota ya ɗora shi a keken guragu.

Amininsa wanzami kuma yana can saman, ciwon ƙirji ya hana shi saukowa. Matakala sittin ce kacal tsakaninsu, amma sai dai gaisuwa ta waya. Sau ɗaya aka ciccibi mai agogo kamar buhu, saura ƙiris a yar da shi, ya ce ya yafe.

Da aka ce za a gyara dandalin har da hanyar keken guragu, kasa cin abinci ya yi don murna.

Sai aka kawo wani injiniya ɗan ƙwalisa, takalmi sai ƙyalli. Ranar awo mai agogo ya gunguro kekensa ya tare shi.

"Ranka ya daɗe, tudun nan ba a miƙa masa hanya samɓal. A lanƙwasa ta, a sa wuraren hutawa. Kuma don Allah ban da tayil mai santsi."

Injiniya ya dube shi sheƙeƙe. "Baba, agogo kake gyarawa ko hanya? Lanƙwasa za ta ɓata mana hoto."

Hoto fa! Kun ji abin takaici.

Haka ya miƙa hanyar ɗoɗar, ya shimfiɗe ta da tayil kamar madubi. Ranar miƙa aiki ya zo da sabon keken guragu, ko ledarsa ba a cire ba. Ya tura shi sama babu kowa a kai, masu hoto na bin sa.

"Kun gani? Ko da yatsa ɗaya ma hawa yake!"

Aka yi ta tafi. Mai agogo ya gwada da nasa. Turi uku ya zamo baya, tafin hannunsa ya saluɓe. Ya sunkuyar da kai, baƙin ciki kamar ya kashe shi.

Shugabar kwamitin unguwa, wata tsohuwar nas, ta mayar da biro cikin jaka.

"Ɗana, ba zan sa hannu ba sai ka zauna a kai ka hau da kanka."

Ya yi dariyar yaƙe, ya zauna. Ko kwatan hanyar bai ci ba gumi ya wanke shi. Tayoyin gaba suka ɗaga, keke ya sulalo da baya a guje.

"Ku riƙe ni! Wayyo, ku riƙe ni!"

Masu tafi suka dare, kowa ya yi ta kansa. Mai agogo ne ya gitta kekensa ya tare shi. Injiniya ya baje a ƙasa, wando a yage, kuma masu hoton nasa duk sun ɗauka.

An karɓe aikin daga hannunsa. Aka farfashe tayil, aka lanƙwasa hanya da wuraren hutawa huɗu, yadda Baba ya faɗa tun farko. Gyaran ya ci wata biyar.

Saura mako biyu a gama, wanzami ya rasu.

Ranar da aka buɗe, mai agogo ya hau da hannunsa, babu mai turi. Dattawa suka miƙe suna yi masa maraba.

"A ina aminina yake zama?" ya tambaya.

Suka nuna masa ƙarshen benci. Ya gungura ya tsaya a gefen wurin, hawaye na zuba.

Darasi: Kada ka tsara wa mutane abu kana raina masu amfani da shi. Girman kanka na minti ɗaya yana iya cinye wa wani abin da ba zai dawo ba. Ku tura wa duk wanda aka ba amanar aikin jama'a.