Kujerar Makka da Sashe na Tara

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wata ƙaramar hukuma cikin wata jiha da ba zan faɗi sunanta ba, don kada wani ya fita daga masallacin nan ya ce Malam ya shiga siyasa. An daɗe da yin abin. Sunan mutumin Malam Nomau. Ku matso, ku saurara. Kai ma da ka jingina da ginshiƙi kana gyangyaɗi, buɗe ido, labarin nan har da kai.

Malam Nomau ba kowa ba ne a idon duniya. Masinja ne a sakatariyar ƙaramar hukuma. Abin da ya mallaka na aiki bai wuce tsohon keke da jakar fata da ɗan gwangwanin tawada ba. Shi ke kai takardun hukuma ƙauyuka, shi ke karɓo sa hannun jama'a. To, a lokacin mutanen karkara kaɗan ne suka iya rubuta sunansu, saboda haka sai dangwale: ka taɓa tawada da babban yatsa, ka danna a takarda, magana ta ƙare.

Amma Malam Nomau yana da wata ɗabi'a da ta dami manyansa. Ba ya buɗe gwangwanin nan sai ya karanta wa mutane takarda daga farko har ƙarshe. In da Turanci take, ya bi ta a hankali da yatsa, ya mayar da ita Hausa. Aji bakwai ya yi, Turancin nasa na rarrafe ne, amma yana isa inda za shi. Ko takardar allurar shanu ce sai ya karanta. Aikin da wani masinja zai gama kafin hantsi, shi sai la'asar. Har aka sa masa suna Nomau Sai-na-karanta. Ana tsokanarsa da shi, yana amsawa.

Dalili kuwa, mahaifinsa ne ya taɓa dangwala yatsa a wata takarda da aka ce masa ta rabon taki ce. Ashe ta sayar da fadamarsa ce. Tsohon ya mutu yana wucewa ta gefen fadamar yana kallon rake na wani. Tun ranar Nomau ya yi wa Allah alkawari, muddin tawada tana hannunsa, ba wanda zai sayi kifi a ruwa.

Sai abu na biyu, ku riƙe shi da kyau. Bawan Allahn nan ba shi da buri a duniya irin ya ga Ka'aba. Har harami ya saya a wurin wani alhaji, fararen mayafai biyu, ya ninke ya sa a akwati. Shekara goma sha ɗaya suna ciki. Duk shekara in maniyyata sun fara shiri, matarsa Delu takan fito da su ta shanya a igiya saboda gara, ta sake ninkewa. Shi kuwa ya tsaya ya dube su ya ce, "Delu, wataƙila baɗi." Albashin masinja, ina zai kai mutum Makka?

Ana nan, sai aka kawo wani ƙudurin doka gaban Majalisar Dokoki ta jihar, a kan ƙananan hukumomi. Sashe tara ne. Takwas na farko, wallahi, abin so ne: a gyara hanyoyin karkara, a yi kwalbatoci, kowace mazaɓa a haƙa mata rijiyar burtsatse, a gina ƙananan asibitoci. Sai na tara, can ƙasan shafin ƙarshe. Shi kuma cewa ya yi a dakatar da zaɓen ciyaman da kansiloli, a riƙa naɗo kantoma daga babban birni, har sai ranar da aka ga dama. Majalisa ta sa ranar jin ra'ayin jama'a, aka ce kowace ƙaramar hukuma ta kawo abin da mutanenta suka ce.

Sakataren ƙaramar hukumar, Alhaji Maikano, yana da labarin cewa in doka ta wuce shi za a naɗa kantoma. Sai ya sa aka kira Malam Nomau ofis. Abin da bai taɓa yi ba, ya nuna masa kujera, har ya sa aka kawo masa lemo mai sanyi.

Ya ce, "Malam Nomau, ƙauyuka goma sha biyu za ka zaga. Ga ƙudurin, ga takardun goyon baya. Ina son in ga dangwale ya cika su. Mutanen nan in ba kai suka gani ba, ba sa miƙa yatsa."

Nomau ya ce, "To, ranka ya daɗe. Zan karanta musu."

"Karanta mana, wa ya hana ka? Ɗaya zuwa takwas. Na tara maganar ofis ce, ba ta shafi manomi ba, za ta ruɗa su kawai." Sai ya jawo aljihun tebur, ya fito da wata takarda, ya ajiye a gabansa. "Kujerun Makka na bana sun zo. Guda ta rage. Ka ga sunan da na rubuta da fensir? In ka dawo da takardun nan yadda nake so, in bi shi da biro."

Jama'a, ku saurara. Da kuɗi aka miƙa masa, da tuni ya ture ya tashi, wannan mai sauƙi ne a wurinsa. Amma Shaiɗan ba wawa ba ne. Ba ya zuwa wa mai tsoron Allah da kwalbar giya, da carbi yake zuwa masa. Nomau ya ga sunansa, ya ga Makka a kusa da sunan. Ya kwashi takardu ya fita.

Ya isa gida da azahar, ya tarar Delu ta shanya haramin, don lokacin ne. Ya gaya mata duk yadda aka yi. Kada ku zaci ta yi masa wa'azi. Mace ce da ta ga mijinta yana tsufa da buri a ciki. Ta ce, "Malam, shekara goma sha ɗaya nake shanya kayan nan. Ai ba ƙarya aka ce ka yi ba. Shiru kawai za ka yi a wuri ɗaya. In ka je can ka roƙi gafara, ba inda ya fi can karɓar addu'a."

Ya ce, "Haka zuciyata ma take gaya mini, Delu. Shi ya sa nake tsoro."

Washegari ya hau keke ya nufi ƙauyen farko, ranar kasuwarsu. Har ya isa bai yanke shawara ba. Mai unguwa ya sa aka yi shela, jama'a suka taru a gindin tsamiya, maza a gaba, mata daga gefe. Nomau ya sa tabarau ya fara. Sashe na ɗaya, hanya. Aka ce madalla. Na uku, kwalbati a kan rafin da ke cinye musu jakuna duk damina. Aka yi kabbara. Na biyar, rijiya. Mata suka rangaɗa guɗa. Ya kai na takwas, ya tsaya. Ya fito da gwangwanin tawada, ya buɗe shi. Na rantse muku ya buɗe shi.

Sai wata tsohuwa mai sayar da daddawa, ana ce mata Gwaggo Yelwa, ta ratso mutane tana dogara sanda, ta goge babban yatsanta a gefen zane, ta miƙo. Ta ce, "Nomau, kawo in fara, in koma kan daddawata. Takardar da ta bi ta bakinka ai ba sai an tambaya ba. Inda ka ce a danna, nan za mu danna."

Ya dubi yatsan nan. Duk ya tsattsage da aikin kalwa, an miƙo masa shi ba tare da shakka ko ɗaya ba. Haka mahaifinsa ya miƙa nasa. Sai ya mayar da murfin gwangwanin ya rufe, har aka ji ƙararsa.

Ya ce, "Gwaggo, dakata. Saura sashe ɗaya."

Ya karanta na tara, bai rage ko kalma ba. Ya maimaita don na baya su ji. Can wani mahauci ya ce, "Wato kansilan da muka zaɓa, wanda muke zuwa ƙofar gidansa mu yi masa tsiya in rijiya ta lalace, shi ke nan babu shi?" Nomau ya ce, "Haka takarda ta ce." Mai unguwa ya ce, "To kai me ka gani, Malam Nomau? Mu danna ko kada mu danna?"

Ku ji amsar masinja. Ya ce, "Ranka ya daɗe, karatu ne nawa. Yatsa naku ne."

Aka yi ta muhawara har rana ta karkata. Wasu suka ce su dai a ba su hanya, ko wa za a naɗa, suka dangwala da saninsu, Nomau bai hana su ba, bai ko ɓata fuska ba. Amma Gwaggo Yelwa ta ce, "Ɗauko farar takarda. Rubuta: ɗaya zuwa takwas muna so, na tara ba ma so." Ya rubuta, ya karanta musu abin da ya rubuta, don ko rubutun hannunsa ba ya bari a dangwala sai an ji. Sannan ya buɗe tawada. Haka ya yi a ƙauyuka goma sha biyun nan, kwana tara yana kan keke. Ya koma sakatariya da ɗauri biyu, ƙarami na masu goyon bayan ƙudurin duka, babba na masu ƙin sashe na tara, ya ajiye su a teburin Alhaji Maikano.

Sakatare ya duba, ya gane. Bai yi ihu ba. Ya jawo takardar nan ta kujera, ya ɗauki abin goge fensir, ya goge sunan a gaban idon mai suna, ya hure. Ya ce, "Ka zaɓa wa kanka." Nomau ya ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri, ranka ya daɗe." Kafin mako ya zagayo an karɓe jaka da gwangwani, an mayar da shi gadin ƙofar wani tsohon sito. Da ya koma gida ranar, shi da kansa ya ninke haramin, yana hawaye. Kada wani ya ce muku gaskiya ba ta da zafi. Delu ta karɓa ta sa a akwati, ta ce, "Ka yafe mini abin da na faɗa, Malam."

Babban ɗaurin nan kuwa, sakatare ya so ya danne shi, amma zance ya riga ya bazu. Ranar jin ra'ayi mutanen ƙauyuka suka cika akori-kura biyu suka tafi babban birni, har da Gwaggo Yelwa a gaban mota. Da aka ba ta dama, ta tsaya gaban kwamiti da sandarta, ta ce, "'Ya'yana, hanya muna so, rijiya muna so, Allah ya saka. Amma wanda zai riƙe mana su, ku bar mana wanda mu muka ɗora, don in ya karkace mu iya sauke shi." Mutanen wasu ƙananan hukumomin suka ji, suka ce su fa ba a karanta musu wani sashe na tara ba. Zaure ya ɗauki hayaniya. Ƙarshenta Majalisa ta zartar da takwas, ta jefar da na tara.

Kuna jira in ce daga nan aka kai shi Makka, ko? Ba a kai shi ba. Ba kullum ake biyan mutumin kirki a nan ba. Shekara ta zagayo, aka sa ranar zaɓen ƙananan hukumomi, zaɓen da aka so a binne. Malam Nomau yana kwance ba lafiya. Da safe ya sa aka ɗora shi a amalanke aka kai shi rumfar zaɓe, ya dangwala nasa, aka mayar da shi gida. Kafin azahar Allah ya karɓi abinsa. Delu ta buɗe akwati ta fito da fararen mayafan nan, ta ce a haɗa a yi masa likkafani da su.

Labari ya iske mutane a kan layin zaɓe. Kowa ya jefa ƙuri'arsa, ya kamo hanya, a ƙafa, a keke, a kan jaki, daga ƙauyuka goma sha biyu. Garin bai taɓa ganin jana'iza irin ta masinjan nan ba. Aka yi ta rige-rigen ɗaukar makara, kuma duk hannun da ya kama ta, akwai tawadar zaɓe a babban yatsansa. Da aka dawo da makarar masallaci, sai aka ga itacenta duk ya yi shuɗi-shuɗi da sawun yatsu. Ladan ya ɗebo ruwa zai wanke, liman ya ce a bar shi.

Wanda ya ba ni labarin nan yana cikin masu ɗaukar makarar, mahaifina ne. Gwaggo Yelwa kuwa ita ta haifi mahaifin nawa. Shi ya sa in na faɗi sunan Nomau nake ɗaga kai. Ƙasarmu ta haifi irinsa, kuma ba daga gidan sarauta ko na dukiya ba.

Ban ce muku an rubuta masa ladan hajji ba, wannan sanin Allah ne, Shi ne mai duba niyya. Abin da na sani shi ne, ba a zuwa Ɗakin Allah ta kan amanar bayin Allah. Kuma ɓoye rabin gaskiya ga wanda ya amince da kai, cin amana ne cikakke.

To, ya ku jama'a, kowannenku akwai gwangwanin tawada a hannunsa. Kai ma'aikaci da ake turowa da takarda, kai mai unguwa, kai ɗan boko da tsofaffin gidanku ke miƙo wa wasiƙa su ce duba mana, karanta har ƙasan shafin ƙarshe. Ku kuma masu yatsa, duk ranar da kuka ji ana shirya doka a kan ƙaramar hukumarku, ko zaɓenku, ko ayyukan garinku, kada ku ce wannan ta manya ce. Ku tambaya, ku je inda ake jin ra'ayi, ku ce a karanta muku duka. Bayan nan ku goyi baya ko ku ƙi, wannan naku ne, ni ma ba zan gaya muku ba. Amma yatsan nan zai yi magana ranar da baki zai yi shiru, kuma za a tambaye shi inda ya danna.

Allah ya jiƙan Malam Nomau, ya ba mu ƙarfin rufe gwangwani a ranar da rufe shi zai yi mana tsada. Ku tashi mu daidaita sahu.