Ranar da Ciyaman Ashemi Ya Nemi Hatimin Dattawa

Akwai wani mutum a Lafia mai suna Ashemi. Dillalin doya ne, kuma shi aka zaɓa ciyaman ɗin ƙungiyar wata 'yar kasuwar doya da ke bakin gari.

Ƙungiyar tana da tsarin mulkinta, rubuce a littafin makaranta mai jan bango. Tsohon sakatare, marigayi Abdurra'uf, shi ya rubuta shi da hannunsa. Ya raba iko gida uku. Ƙararrawa tana wurin sakatare, ba a kafa doka sai an kaɗa ta kowa ya hallara. Hatimi yana wurin dattawa uku masu yanke hukunci. Kwaɗo kuma yana wurin ciyaman, amma ba ya rufe rumfar kowa sai ya ga takarda mai hatimin dattawa.

Abdurra'uf yakan ce wa matarsa Asama'u, "Ko a Abuja haka ake yi. Majalisa ta yi doka, kotu ta yi shari'a, shugaban ƙasa ya zartar. Tukunya ba ta zama a kan dutse ɗaya."

Shekara goma sha tara suna sayar da doya a rumfa ɗaya. A allon rumfar ya rubuta sunanta kafin nasa. Da ya rasu, ba ta yarda an goge ko harafi ɗaya ba.

Ashemi bai yi wata uku a kujera ba ya fara ƙorafin cewa dattawa suna ɓata masa lokaci. Ran nan aka kama wani ya saci doya, ya yanke masa hukunci nan take, ya kore shi daga kasuwa. Mutane suka tafa.

"Kun gani? Wannan shi ne aiki!" in ji Ashemi. "Baba Iorkyaa, ba ni hatimin nan, ka je ka huta."

Baba Iorkyaa shi ne babba a cikin dattawan. Ya ce, "Ciyaman, wannan abu ba kyau. Kai ne alƙali, kai ne ɗan sanda?"

Aka yi masa dariya, wani har da cewa tsufa ne. Ashemi ya karɓe hatimi. Bayan mako biyu ya karɓe ƙararrawa ma, ya ce mitin surutu ne kawai. Duk ya zuba su a durowarsa.

Asama'u kaɗai ta ce ba haka littafi ya ce ba. Ashemi ya riƙe ta a zuciya.

Wata safiya ta iske kwaɗo a ƙofar rumfarta, da ƙwarya huɗu ta sabuwar doya a ciki, wato doya ɗari huɗu. Ta wuce ofis.

"Ciyaman, me na yi?"

"Sabuwar doka ce. Rumfar mamaci ta koma hannun ƙungiya."

"Yaushe aka kaɗa ƙararrawa? Kuma sunana yana kan allon, ni ban mutu ba."

"Ni na kafa dokar jiya."

"To zan kai ƙara."

Ya jawo durowa, ya ɗora hatimi a kan tebur yana murmushi. "Bismillah, Maman Bilkis. Ga kotu a gabanki."

Abin da ya fi ba ni haushi a labarin nan ba Ashemi ba ne. Mutanen kasuwar ne. Kwana ashirin doyar baiwar Allah tana ruɓewa a bayan kwaɗo, wari ya ishi kowa, amma kowa ya toshe hanci ya wuce, tun da ba tasa rumfar ba ce. Aka ba ƙanen ciyaman rumfar, aka cire allon aka jefar a bola. Asama'u ta tsince shi, ta goge da bakin mayafinta, ta kai ɗaka. Ta koma kasa doya a bakin titi, cikin rana.

Bayan shekara biyu aka yi zaɓe, Ashemi ya faɗi. Wanda ya ci, Muhyiddin, tsohon abokin gabarsa ne. Ya buɗe durowa ya tarar da ƙararrawa da hatimi da kwaɗo a wuri ɗaya. Wa zai ƙi?

Kwana uku ba su cika ba, aka rufe babban siton Ashemi.

Ya zo tsakiyar kasuwa yana ihu, hula a karkace. "Zalunci ne! A kira dattawa su saurare ni!"

Muhyiddin ya ce, "Waɗanne dattawa, oga? Ai kai ka ce su je su huta."

Kasuwa ta ɗauki shewa. Wata mata ta kama hannun Asama'u ta ce, "Yau Allah ya saka miki, zo ki yi guɗa!"

Asama'u ta fizge hannunta. Ta kutsa ofis, ta ɗauko ƙararrawa a kan tebur, ta fito tana kaɗa ta da ƙarfi har masu lodin mota suka tsaya.

"Guɗar me zan yi?" ta ce. "Kun tafa ranar da aka karɓe hatimi, yau ma kuna tafawa! Kwaɗon da ya ci rumfata ne a ƙofar Ashemi, gobe yana ƙofar waninku. Wallahi ba na ƙaunar ganin mutumin nan, amma a saurare shi. Muhyiddin, mun ba ka kwaɗo, ba mu ba ka hatimi ba!"

Tun da an kaɗa ƙararrawa, mitin ya zauna ke nan. Aka ɗaga hannu kan a mayar wa dattawa hatimi, Muhyiddin ya duba bai ga mai goya masa baya ba, ya miƙa wa Baba Iorkyaa hatimi.

Dattawa suka saurari Ashemi, suka ce a buɗe masa sito. Yana cikin hamdala sai Baba Iorkyaa ya ce, "Zauna, Ashemi, ba ka gama ba. Akwai ƙara ta biyu."

Asama'u ce ta shigo, da allon rumfarta a rungume.

Darasi: Duk kirkin shugaba, kada a haɗa masa yin doka da shari'a da zartarwa a hannu ɗaya, ko a ƙungiya ko a ƙasa. Kotun da ka rushe yau, ita za ka nema gobe. Tura wannan ga duk wanda ka ji yana tafa wa shugaban da ke raina majalisa da kotu.