Hatimi a Kan Farar Takarda

A can wata ƙasa, tun zamanin kakanni, an yi wani sarki Abarshi, adali ne amma mai saurin fushi. Yana da alƙali, Malam Haliru, wanda takardar ciniki ko kyauta ko wasiyya ba ta zama hujja sai ya buga mata hatiminsa. Ƙa'idarsa kuwa kowa ya san ta: mai dukiya ya zo da kansa, da shaidu biyu waɗanda suka san shi kuma ba su da rabo a abin, a karanta masa takarda daga bisimilla har ƙarshe, kada a bar gurbi ko na kalma ɗaya, sa'an nan ya dangwala yatsa a gaban alƙali, ba a gida ba.

Ana nan sai Galadima Mijinyawa, mutumin da bai taɓa ganin abin wani ya kau da kai ba, ya ƙyalla ido ya ga marinar wani tsoho, Tanimu, wadda ya gada kaka da kakanni, da ita kuma yake ciyar da marayun ɗansa. Galadima ya shigo wurin alƙali yana baza babbar riga, ya miƙa takarda, wai tsoho ya yi masa kyauta. An riga an dangwala yatsa, shaidu barorin Galadima ne, inda kuma ya kamata a ambaci abin da aka bayar ga fili nan fari fat. Da aka tambaye shi, ko kunya babu, ya ce magatakarda ne ya yi mantuwa, a cike daga baya, tsohon kuma zazzaɓi ya kwantar da shi. Ku ji ƙarfin hali, jama'a! Alƙali ya naɗe takarda ya mayar masa cikin ladabi, ya ce sai mai marina ya zo.

Galadima bai zame ko'ina ba sai fada, ya kai suka cewa alƙali ya mai da sarakuna ɓarayi. Sarki ya harzuƙa, ya sa aka kirawo Malam Haliru, ya ce ko ya kawo hujja mai gamsarwa, ko ya buga hatimi nan take.

Alƙali ya faɗi ya yi gaisuwa, ya roƙi a ba shi farar takarda, ya ajiye ta gaban sarki. "Allah ya ba ka nasara, alfarma guda nake nema. Ka buga hatiminka a ƙasan wannan, in na koma gida na rubuta abin da ya dace a sama."

Idon sarki ya kaɗa ya yi ja. "Malam, kana cikin hayyacinka kuwa? In ka rubuta na yi murabus fa?"

"Ranka ya daɗe, kai mai dogarai da mayaƙa ka ji tsoron farar takarda. To ina ga Tanimu, wanda ba shi da mai tsaya masa sai wannan hatimi nawa?"

Sarki ya sa aka ɗauko tsoho a kan jaki, jikinsa na rawa, hannayensa shuɗi da baban rini har gwiwar hannu. Tsoho ya ce barorin Galadima sun same shi kwance, suka ce kwangilar rinin kayan Sallah ce za a ba shi, ya dangwala har yana sa musu albarka. Wallahi wannan sa albarkar ita ta fi ci mini rai a labarin nan. Sarki ya juya ya ce wa Galadima ya faɗi, a gaban tsoho, abin da zai cike gurbin da shi. Galadima, mai bakin nan, sai ya sunkuyar da kai, gumi na ɗiga daga gemunsa.

Aka ƙone takarda, aka warware rawanin Galadima, alƙali kuma sarki ya yafa masa alkyabbarsa ya ba shi ingarma. Da tsoho ya warke, ya zo da maƙwabtansa biyu, aka rubuta wasiyyar marina ga marayu, aka karanta masa, ya ce a maimaita, aka maimaita, sa'an nan ya dangwala.

Adalci shi ne mai mulki ya ƙi wa talaka abin da shi kansa ba zai yarda a yi masa ba.