Takarda Kafin Ido

Akwai wani mutum a ƙungiyarmu ta masu kallon taurari a kwarin Elqui, sunansa Waldo Pastén. Rubuta manhajar kwamfuta ne aikinsa, kuma ya iya, ba mai musun wannan. Matsalar ita ce shi ma ya san ya iya, kuma ba ya bari kowa ya manta.

Babbar wahalar masu wannan sha'awa ita ce saita gindin madubin hangen nesa. Sai ka daidaita shi da yadda sama ke juyawa kafin ya iya bin tauraro, ga shi mu nan kudancin duniya ba mu da wani tauraro mai haske da za mu kafa da shi. Mutum zai durƙusa yana ta murɗa kusoshi har gwiwa ta yi tsami.

Waldo ya zauna ya rubuta jerin umarni da ke yin aikin nan da kansa. Ka danna maɓalli, inji ya yi ƙara, madubi ya juya ya nemo abin da ka ce. Tun daga ranar kansa ya daina shiga hula.

Shugabar ƙungiya, Fresia Olivares, likitar haƙori ce mai sanyin hali. Ta roƙe shi ya ba ta umarnin ta karanta.

"Malama, ki tsaya a kan haƙora," in ji shi. "Wannan ba bakin mutum ba ne da za ki leƙa."

Aka yi dariya. Ita ma ta yi murmushi, ta bar maganar.

To, ƙungiyar tana da doka guda wadda kowa ya haddace: takarda kafin ido. In za a yi kallo da rana, murfi yana kan madubi har ya gama juyawa. In an buɗe, sai a fara kara farar takarda a inda ake sa ido. Madubin yana tattara haske ne wuri ɗaya, in ya faɗa kan rana, takarda za ta yi hayaƙi. Ido kuwa ba ya ba da gargaɗi, mutuwa kawai yake yi.

Mahaifiyar Waldo, Doña Herminia (Doña laƙabin girmama mace ne a wurinmu), ido ɗaya ya rage mata. Na hagu ya daɗe da tafiya. Marigayi mijinta ya sha gaya mata cewa ana iya ganin tauraruwa Zahra da rana tsaka, ita kuma ta sha ce masa maƙaryaci. Waldo ya yi mata alkawari zai nuna mata, kuma ita ce za ta fara gani kafin kowa.

Wata Lahadi a farkon Afrilu, ana ƙarshen tsinkar inabi, aka kafa madubin a filin ƙwallo da ke bayan coci. Mutane suka taru, masu tuyan empanada, wato fulawa mai nama a ciki, su ma suka kawo kaskonsu.

Doña Herminia ta iso tana mita.

"Yau na riga fada zuwa coci da awa guda. Ni kaɗai da tattabaru! Ashe jiya aka mayar da agogon ƙasa baya da awa ɗaya, kamar kowace shekara in zafi ya wuce, babu ɗan albarkar da ya gaya mini."

"Mama, ai ku ne masu agogon hannu," in ji Waldo. "Kwamfuta da kanta take gyarawa."

Ya cire murfin madubin ya jefa a kan ciyawa.

Fresia ta matso, ta yi ƙasa da murya. "Waldo, mayar da murfin. Zahra tana kusa da rana sosai a kwanakin nan."

"Na sani. Ni na yi lissafin."

"To bari in kara takarda in ya tsaya."

Maimakon ya amsa mata a hankali kamar yadda ta yi, sai ya ɗaga murya don jama'a su ji. "Jama'a, shugaba tana so ta gwada kwamfuta da takardar naɗe burodi! Malama, wannan dokar ta masu murɗa kusoshi da hannu ce. Don Allah ki koma gefe, kada ki taɓa mini komai."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, an ga haka a fuskarta. Ta ninke takardar ta sa a aljihu. Amma ba ta tafi ba, gefe kawai ta koma, kusa da kujerar tsohuwar.

Waldo ya je teburin da ya ɗora kwamfutarsa a inuwar bango, ya danna maɓalli. Inji ya fara kuka, dogon bututun madubin ya soma juyawa a hankali. A allo komai ya nuna daidai.

"Mama, matso. Da ya tsaya ki sa ido."

Tsohuwa ta miƙe da sandarta. Ta cire tabarau, ta goge idon nan ɗaya da bakin mayafi.

Sai ƙararrawar coci ta buga.

Waldo ya ji ƙararrawar, ya tuna mitar mahaifiyarsa, sai ya gane kuskurensa. Agogon kwamfuta ya koma baya da kansa, gaskiya ne. Amma a cikin umarnin, bambancin lokacinmu da na duniya da hannunsa ya rubuta shi, tun lokacin zafi, bai kuma sake waiwayarsa ba. Yanzu madubin yana neman Zahra ne a inda take awa ɗaya da ta wuce. Rana kuwa bayanta take bi. Inda Zahra ta bari, nan rana ta iso.

Ya ɗaga kai. Inuwar bututun a ƙasa tana tsukewa, tana tsukewa, har ta zama da'ira. Duk mai wannan sha'awa ya san ma'anar haka: bakin madubi yana kallon rana kai tsaye.

Inji ya yi shiru. Doña Herminia ta sunkuya.

"Mama!"

Hayaniyar fili ta haɗiye muryarsa. Ya zabura, igiyar kwamfuta ta harɗe masa ƙafa, ya zube a ƙasa. Daga kwance yake kallon fuskar mahaifiyarsa tana sauka, saura kaɗan.

Fresia ma inuwar take kallo tun ɗazu. Babu lokacin laluben aljihu. Ta kifa tafin hannunta a kan wurin sa ido, ta ture bututun da kafaɗa.

Ƙarar da ta yi ce ta tsayar da filin.

Goshin tsohuwa a bayan hannun Fresia ya sauka. Ta ɗago a fusace. "Ke yarinyar nan, lafiya? Layina ne!"

Fresia ta buɗe hannun. A tsakiyar tafin akwai farin tabo zagayayye, fata ta riga ta tashi. Hannun dama ne, wanda take aiki da shi.

Waldo ya iso da ƙura a gwiwa. Ya kalli hannun, ya kalli idon mahaifiyarsa. Kunya da tsoro suka haɗu suka sa shi kuka a gaban kowa.

"Doña Fresia, ki yafe mini."

"Ɗauko murfin tukuna," in ji ta, tana cije leɓe.

Aka kawo ruwan sanyi, aka ɗaure hannun. Kowa ya ɗauka taro ya watse, amma ta ce tsohuwa ba za ta koma gida haka nan ba. Waldo ya juyo mata da kwamfutar, ta karanta umarnin layi-layi, suka gyara lambar tare. Madubi ya sake juyawa, wannan karon a rufe.

Da ya tsaya, Waldo ya miƙa hannu ba tare da ya iya haɗa ido da ita ba. Ta zaro takardar nan daga aljihu ta ba shi. Ya buɗe murfi, ya kara ta, ya daɗe yana riƙe da ita. Ba hayaƙi. Duk da haka sai da ya sa nasa idon tukuna.

Doña Herminia ta sunkuya. Ta daɗe tana kallo.

"Ga ta can, siririya kamar sabon wata," ta ce. "Ashe tsohon nan ba ƙarya yake yi ba."

Ta lalubo hannun Fresia mai ɗauri ta riƙe, ba ta ɗauke ido daga madubin ba.

Darasi: Iliminka na iya zama gaskiya, amma ba ya hana ka mantuwa. Kada ka raina dokar da aka kafa don kare mutane, kuma kada ka wulaƙanta mai neman duba aikinka, domin wataƙila shi ne zai tsaya tsakanin kuskurenka da wanda ka fi ƙauna. Ku tura wa duk wanda kuka san ya daina jin gyara, tun kafin hannun wani ya ƙone saboda shi.