Rigunan Sallah Bakwai na Madugu Jatau

An ruwaito a littattafan mutanen da cewa a zamanin da ayari ke tafiya Gwanja sayen goro, an yi wani sarki a Birnin Tsamiya, sunansa Gabi, wanda ba ya yanke hukunci sai ya ji magana daga bakin mai ita. A birnin nan akwai wani attajiri, Madugu Jatau, wanda idan jakunansa suka jeru, na gaba ya fita ƙofar gari na baya bai bar ƙofar gida ba.

An ce Jatau ya saki matarsa Tasalla a watan da ta yaye ɗansu Nomau, ba don komai ba sai don ta ce tafiyarsa ta yi yawa. Ta goya ɗanta ta koma gidan iyayenta, ta kama kaɗi, da zare take ciyar da shi. Jatau kuwa ya kira maɗinkinsa ya ce kowace babbar Sallah a ɗinka wa yaro riga a kai masa. Daga nan ya ga ya sauke nauyi. Yana zuwa Gwanja yana dawowa, unguwa biyu ce tsakaninsu, amma ƙafarsa ba ta taɓa taka zauren gidan ba.

Da yaro ya shekara tara, sai Jatau ya aika a kawo masa ɗansa, zai shiga ayari ya koyi fatauci. Tasalla ta ce ba inda za shi. Magana ta kai gaban Sarki.

Jatau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ɗa nawa ne, kuma ban yar da shi ba. Shekara bakwai ba babbar Sallar da ta zo ban tufatar da shi ba. Duk gari shaida ne."

Waziri Barmo, wanda ba ya rasa goron Madugu a aljihu, ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, na ji labarin wani mutum da ya dasa dabino a gonar maƙwabcinsa ya yi tafiya. Da ya dawo ya tarar ya yi 'ya'ya, maƙwabci ya ce nasa ne. Alƙalin garin ya ce itace na mai dashe ne, ƙasa aro ce."

Tasalla ta ɗago kai ta ce, "Waziri, ka yi tsallake a labarinka. Wa ya yi ban-ruwa? Wa ya kori awaki? Ko dabinon garinku da gaisuwar Sallah yake girma?"

Fadawa suka ce, "Hattara, mace!"

Sarki ya ɗaga hannu. "Ku bar ta. Baiwar Allah, Madugu ya ce ya tufatar da yaro. Ƙarya yake?"

"Allah ya ba ka nasara, bai yi ƙarya ba. Ga su nan, ko ɗaya ban sayar ba."

Ta kwance ƙunshin da ta zo da shi, ta shimfiɗa riguna bakwai a gaban Sarki, duk na saƙi mai tsada, da aiki a wuya. Sai ga shi ta farko da ta bakwai girmansu ɗaya, kowace daidai ɗan yaye.

Sarki ya daɗe yana dubansu. Sa'an nan ya ce, "Madugu, ɗauki ta bana ka sa wa ɗanka."

A bakin ƙofa akwai yara uku da suka rako Tasalla. Jatau ya ɗauki riga ya nufe su, ya tsaya yana duban wannan yana duban wancan. Sai da Tasalla ta ce, "Na tsakiya, mai kunnuwa irin naka." Ya ɗora rigar a kan yaron, wuyanta ya tsaya a goshi kamar hula. Ya ja, ta ƙi.

Yaron ya ce, "Malam, za ka cire mini kunne."

Sarki ya ce, "Yaya aka yi haka, Madugu?"

Jatau ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Zaren awo na bar wa maɗinki ranar da suka tafi. Da shi yake ɗinkawa."

"Ke kuwa me ya hana ki aika masa?"

"Sau uku na aika, ranka ya daɗe. Aka ce Madugu na ɗaurin kaya, in yi godiya da abin da na samu."

Sarki ya juya wajen Waziri ya ce, "Barmo, mutumin nan ya san nauyin kowane huhun goro da ke kan jakunansa, bai san ɗansa ya yi tsawo ba. In ba shi yaro ya shiga daji da shi?" Waziri ya sunkuyar da kai.

Sai Sarki ya yanke hukunci. Ya ce uba dai Jatau ne, ba mai kankare masa wannan, don haka ci da sha da sutura da maganin Nomau suna wuyansa. Yaro zai zauna wajen uwarsa har ya balaga. Hatsi kuwa ba bara zai kai ba, Jatau da ƙafarsa zai kai duk watan da yake gari, ya zauna a zaure ya ci tuwo kwano ɗaya da ɗansa. Ita ma Tasalla aka ja mata kunne, kada ta rufe masa ƙofa, kada ta zagi uba a kunnen ɗa. Sarki ya ba ta kyautar auduga kaya biyu saboda riƙon da ta yi.

An ce watan farko Jatau ya je yana cin magani, yaro ya ƙi sa hannu a kwano. Wata na huɗu aka ji Nomau na tambayarsa ko da gaske kogin Kwara ya fi garinsu faɗi. Da ya balaga, shi da bakinsa ya ce zai bi ayari, uwarsa ta yi masa guzuri ta sa masa albarka.

To, ku maza masu saki, da ku nake. Igiyar aure kuka tsinka, yaro yana nan yana ci yana girma, ko kun duba ko ba ku duba ba. Aike ba ya renon ɗa. Wanda ke son ranar tsufansa a kira shi Baba, ya tashi yau ya je ya ga inda kan ɗansa ya kai.