Ƙarfen da Ke Tashi a Karkace

Akwai wani manomi mai son a kira shi ƙato. Ya cika manyan gwangwanaye biyu da siminti, ya haɗa su da sandar ƙarfe, kowace yamma yana ɗagawa a ƙofar gida inda masu wucewa za su gani.

Tun yana saurayi ya taɓa gurɗewa a kafaɗar hagu. Ciwon ya warke, amma tsoron bai warke ba. Fartanya da dama, jan guga da dama, buhu ma a kafaɗar dama. In ya kama sandar, hannun dama ne ke turawa, na hagu rakiya kawai yake yi, ana yabonsu tare.

Wata rana matarsa ta ce, "Maigida, ƙarfen nan a karkace yake tashi. Ka raba gwangwanayen mana, kowane hannu ya ɗauki nasa. Na hagun ya fara da ƙarami."

Ya yi dariya ya ce, "Ni zan ɗaga gwangwanin madara a gaban jama'a?" Sai ma ya ƙara siminti.

Da damina suna dawowa daga gona, suka tarar rafi ya kawo. Suna cikin ƙetarewa santsi ya kwashe matar. Ya cafki saiwar itace da dama, ya cafke ta da hagu. Ya ja, hannun ya ƙi. Ya sāke ja, yatsun suka buɗe yana kallo. Ruwa ya maka ta da dutse. Maƙwabta suka tsamo ta da rai, amma ƙafarta ta karye, da ɗingishi ta ƙare kwanakinta. Mutumin ya yi kuka mai zafi.

To, ma'anar wannan misali ita ce: kowannenmu yana da hannun dama da na hagu a cikin bangaskiyarsa. Wani gwani ne a waƙa da wa'azi, amma haƙurinsa bai fi na jariri ba. Wani yana ba da baiko a majami'a hannu sake, amma an taɓa ɓata masa rai, tun daga ranar bai sāke gafarta wa kowa ba. A taron sujada mai ƙarfin yakan rufa wa raunanan asiri. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, gwaji kuma ba ya tambayarka da wane hannu ka shirya.

Ƙaunatattu, in an nuna maka inda ka karkace, kada ka yi dariya. Ka kawo raunanan hannun gaban Ubangiji, ka fara da ƙaramin kaya yau, ba kunya. Wanda zai suɓuce maka ranar gwaji, na gidanka ne.